Ɗana yana haɗa baƙi amma ba ya gane abin da ya karanta: ko ɗakin karatu zai yi masa amfani?

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam a Damagaram ta aiko da tambaya. Ɗanta yana CM1, aji na biyar na firamare, shekararsa 11. Mushensu, wato malaminsu, ya ce yana haɗa baƙi, amma kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Ga babban hutu ya matso, an ba ta shawara ta kai shi ɗakin karatu na jama'a, wanda muka fi sani da bibliyotek. Ita ba ta taɓa shiga ba, lakwal ɗinta ma a CE2, aji na huɗu, ta tsaya. Tana so ta san abin da ake yi a can, me za ta riƙa, wane littafi za ta ce a ba shi, kuma ko wayar da ke hannunta ba ta wadatar ba.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Na yi shekaru ina zaune bayan teburin aro a nan Damagaram kafin in ajiye aiki, kuma irin ɗanki na ga ba adadi. Ki kwantar da hankalinki, abin da mushe ya faɗa ba daƙiƙanci ba ne. Yaron da ke haɗa baƙi da ƙyar, duk ƙarfin kansa wurin haɗawar yake ƙarewa, babu saura na bin ma'anar magana. Ki dubi mai koyon tuƙin babur: hankalinsa na kan giya da birki, in ya sauka kika tambaye shi wa ya gani a hanya ba zai iya gaya miki ba. Sai hannu ya faɗa tukun ido yake samun sukunin kallon gari. Ga shi kuma yaron yana wannan fama ne cikin Faransanci, harshen da ba ya ji a gida, ba ya ji a kasuwa, ba ya ji a wurin ƙwallo. Kaya biyu aka aza masa lokaci guda, koyon karatun da koyon harshen.

Abin da ke sa hannu ya faɗa shi ne yawan karanta abu mai sauƙi, kullum, ko da kaɗan ne. A aji mai cunkoson yara, da wuya layi ya zo kan ɗanki ya karanta da baki sau biyu a mako, kuma littafin da ke jakarsa guda ne, ya riga ya haddace hotunansa. Wannan giɓin ne ɗakin karatu ke cikewa.

Kafin ki kashe kuɗin kabu-kabu, ki fara tambayar daraktan lakwal ɗinsu ko ma'aikatan magajin gari na gundumarku wane ɗaki ne ke buɗe a kusa da ku, da ranakunsa, don lokutan buɗewa kan sauya da azumi da lokacin hutu. A garin nan littattafai a warwatse suke: akwai na gidajen raya al'adu da na matasa, akwai na wasu kwalejoji da lise, akwai na Jami'ar André Salifou wadda aka kafa a 2010, amma wannan na ɗalibanta ne da masu bincike. In kina da ƴan'uwa a garuruwan karkara kuma yaron zai je hutu can, ki tambaya ko akwai abin da ake kira CLAC, ƙananan cibiyoyin karatu da wasannin al'adu ne waɗanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara kafawa a Afirka tun 1986, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka samu. Ba zan ɓoye miki ba, garinmu ya yi asarar littattafai. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, cikin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa, an cinna wa cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Damagaram wuta. Ɓacin ran na gane shi, ni ma Musulmi ne. Sai dai wuta ba ta duba sunan marubuci, kuma yaran da ke zama a wurin suna shirin jarrabawa ƴaƴanmu ne. Bari in bar wannan a nan.

Ranar farko ki raka shi da kanki. Na san akwai sana'a, akwai girki, amma wannan rana guda ki ba shi ita. Yaron da aka turo shi kaɗai yakan tsaya a bakin ƙofa yana leƙe kamar wanda ya zo ofishin ƴan sanda, in ba a yi sa'a wani ya kira shi ba sai ya juya, ya je ya ce an rufe. Kuma kada rashin Faransancinki ya sa ki ji nauyi, wanda za ki tarar a teburin da Hausa zai gaishe ki. A inda na yi aiki, zama a karanta a ciki ba ya bukatar komai sai sallama da wanke hannu. Fita da littafi ne ke bukatar kati. Abin da aka saba nema shi ne ƙaramin hoton yaro, takardar haihuwarsa ko katin lakwal, katin shaidar babban da zai tsaya masa, da ɗan kuɗin rajista na shekara, wanda na yara ya fi na manya sauƙi. Ki riƙa waɗannan cikin leda, ki kuma nemi a rubuta lambar wayarki ke, domin ranar da littafi ya makara ke za a nema.

Da kun shiga za ki ga kusurwar yara daban take, kantocinta gajeru, wani wurin da tabarma. Can gefe akwai teburin jaridu, inda dattawa ke jiran juna su gama da Le Sahel. Akwai wani tsoho da ya shekara yana zuwa mana da hantsi, ya jingine sandarsa a ƙofa, ya karanta jarida tun daga kanun labarai har sanarwar ƙarshe, ya ninke ta kamar sabuwar shadda, ya ce mu kwana lafiya alhali ko azahar ba a yi ba. Bai taɓa aron littafi ba. Sauran ɗakin kuwa daga watan Afrilu na ƴan BEPC ne da ƴan BAC, masu shirin jarrabawar gama kwaleji da ta gama lise, suna rububin littattafan tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Ki kuma saba da duba allon sanarwa na bakin ƙofa, nan ake liƙa labarin gasar karatu da ta dikte, ranar tatsuniya ko wasan kwaikwayo na yara, wani lokaci har sanarwar konkur, wato jarrabawar neman gurbin aiki ko karatu. Labaran ɗakin karatu a wannan allo suke, da kuma bakin mai kula da shi, don haka ki gaishe shi da kyau ki tambaye shi me aka shirya wa yara a hutun bana.

Lambobin da za ki gani a ƙeyar littattafai ba farashi ba ne, adireshi ne. Yawancin ɗakuna suna bin tsarin da wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, wanda ya kasa ilimi gida 10. Addini yana 200, kimiyya da lissafi 500, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Ke kuma gidan 600 ne naki, can ake ajiye na kiwon lafiya, noma da kiwo, girki da ɗinki, kuma da yawansu hotuna sun fi rubutu.

To, sai zaɓen littafi, kuma a nan ne iyaye suka fi ɓata lamarin. Uba zai zo da ɗa, ya zagaya, ya ciro mafi kauri, marar hoto ko ɗaya, ya ce wannan ne na ilimi. Yaro ya karɓa don ladabi, littafi ya kwana 14 a ƙarƙashin katifa, ya dawo ba a wuce shafi na 3 ba, daga nan kuma yaron ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba na karatu ba ne. Ki bar shi ya zaɓa. In ya ɗauko na ƴan CP, aji na biyu, mai hoton kura da akuya, kada ki ce ya girmi wannan. Ga gwajin da muke yi: ya buɗe shafi ɗaya a tsakiya ya karanta da baki, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsun hannu sun ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a mayar a ɗauko wani. In yatsa ɗaya ko biyu ya lanƙwasa, shi ne daidai wuyansa. Wannan gwaji ke ma za ki iya tsaya masa a kai, yatsu kawai za ki kalla.

Shawarata da na fi ba ƙarfi ita ce cikin littattafai biyun da zai fara ɗauka, ɗaya ya zama na Hausa. Na san abin da za a ce miki, wai Hausa za ta ɓata masa Faransanci, wai ba da ita ake cin jarrabawa ba. Na sha wannan musu har da malamai abokaina. Amsar da nake ba su ita ce karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda idonsa ya saba gudu a kan layi, ya saba riƙe farkon magana har ya kai ƙarshenta, ya saba tambayar kansa me zai faru a gaba, da wannan sabo zai shiga kowane harshe. A Hausa kaya ɗaya kawai zai ɗauka, don kalmomin nasa ne tun yana goye, kuma rubutunta ba ya yaudara: abin da aka rubuta shi ake faɗa, babu baƙaƙen da ke zaune a ƙarshen kalma ba a furta su kamar na Faransanci. Wannan tunani ba baƙo ba ne a garinmu. A nan Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwaji a Nijar a 1973, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin a shigo musu da Faransanci. Ga shi kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Wane na Hausa? Ki tambayi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littafi uku a ƙarshen shekarun 1930. Aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita, kowane labari gajere ne, yana ƙarewa a zama ɗaya, ga dariya. Na ga yaran da ba sa iya zama minti 5 sun manta da kansu a kansa. In ya gama littafi na ɗaya ya nemi na biyu da bakinsa, ki yi hamdala. Bayansa sai Ruwan Bagaja, na Imam ɗin dai, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, gasar da ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, yana da nauyi, a bar shi sai ya shiga kwaleji. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa yara maza ba sa ajiye shi. In ɗakin ba shi da su, masu kawo littattafai daga Kano suna da su, ki duba wajen masu shimfiɗa littattafai a kasuwa, kuɗinsu bai kai na turmin atamfa ba. Abu ɗaya za ki nuna masa: littattafan Najeriya suna rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, mu a Nijar muna rubuta ƴaƴa da baƙi mai lanƙwasa. Kalma ɗaya ce, kada ta ruɗa shi. Ki kuma tambayi ƙananan littattafan tatsuniya da aka buga a nan Nijar don makarantu masu harshe biyu, wasu Hausa a shafi ɗaya Faransanci a ɗayan. Waɗannan gada ce mai kyau, sai dai sau da yawa suna can ƙasan kanta, ƙura ta rufe su, don ba a tambayarsu.

Na Faransanci kuma, ya fara da masu zane, waɗanda yara ke kira BD, da mujallun yara. Akwai masu raina su, ni ban raina su ba. Hoto yana gaya masa abin da ke faruwa, sai kalmar da bai sani ba ta bayyana kanta ba tare da ƙamus ba, kuma maganar ciki irin wadda mutane ke yi ce da baki. L'Enfant noir na Camara Laye da Une si longue lettre na Mariama Bâ za su zo da lokacinsu, malamai ma za su sa shi.

Akwai wasu biyu da nake so ki riƙe sunansu don gaba, ko da shekara 4 ko 5 ne nan gaba, saboda namu ne. André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, haifaffen garin nan ne a 1942, ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Abdoulaye Mamani kuwa, ɗan Gudumariya da ya yi rayuwarsa a Damagaram, shi ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, shekarar da Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini. Med Hondo ya mayar da littafin fim, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a 1987. Na lura yaro yakan canza zama a kujera ranar da ya ga sunan unguwar da yake bi kullum a cikin littafi mai bango. Tun kafin ya kai ga karanta su, ki bi da shi ta Birni wata Juma'a, ki nuna masa fada da abin da ya saura na ganuwa, ki ce masa akwai littafin da ya faɗi wanda ya gina.

Batun waya, ba na cikin masu tsine mata. Akwai littattafai a intanet, akwai ƙamus, kuma ɗalibin lise da ya san abin da yake nema zai amfana ƙwarai. Amma ɗan shekara 11 da karatu ke ba wuya, in kika miƙa masa waya, kin ajiye tuwo da alewa ne a gabansa kin ce ya zaɓa. Bidiyo ba ya neman ya haɗa baƙi. Ga kuɗin kiredi, ga caji a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, ga wayar ma taki ce ta sana'a, ana kiranki a kai. In kina so ta yi aiki, ki ɗauki muryarsa yana karanta shafi ɗaya a farkon hutu, ki sake ɗauka a kan shafin nan bayan wata guda, ku saurara tare. Yaro yana son jin ci gabansa da kunnensa.

A gida abin da ake nema kaɗan ne: minti 15 zuwa 20 kowace rana, a lokaci ɗaya da ba ya sauyawa, bayan la'asar ko bayan ya dawo daga makarantar allo. Ya karanta miki da baki kina tankaɗe ko kina ƙulla kayan sana'a. Na Hausar za ki kama shi in ya yi kuskure. Na Faransancin kuma ki ce ya ba ki labarin da Hausa, in ya iya mayar miki da shi to ya gane, kuma kin yi abin da mai darasin kuɗi ma ba kullum yake yi ba. Kada ki mai da abin jarrabawa, kada bulala ta kusanci wurin. In ƙannensa sun kewaye shi suna saurare, ya fi kyau, babu abin da ke sa yaro ƙoƙari kamar a ce shi ne babba mai karanta wa yara.

Saura maganar mayarwa, wadda ita ce ciwon kowane mai kula da ɗakin karatu. Littafi a garin nan maƙiyansa uku ne: gara, ruwa, da hannun mai. Hutun kuma cikin damina yake faɗawa. A samo leda mai kauri a riƙa saka shi, a rataye a ƙusa ko a aza a kan akwati nesa da bango, don gara cikin dare biyu takan shiga ta ƙeya ta fito ta tsakiya, ki buɗe ki tarar da ƙasa a madadin shafi. Mu kanmu duk safiya sai mun ja kantoci mun duba bayansu. Ranar mayarwa tana rubuce a takardar da ke liƙe cikin bango, ki sa ya karanta miki ita tun a ɗakin, in bai gama ba a kawo a sabunta masa.

In kuma tsautsayi ya faɗa, ku zo da littafin yadda yake. Akwai wani yaro, sa'an ɗanki, da ya fi kowa zuwa, sai kwatsam ya ɗauke ƙafa. Wata uku babu shi. In ya hango ni a hanya sai ya sha kwana. Rannan na ritsa shi wajen mai ƙosai, ya fashe da kuka tun ban yi magana ba. Ashe ƙanwarsa ce ta aza ƙosai a kan littafin, mai ya ratsa shafi kusan 10, ya ɓoye shi cikin rufin ɗaki yana jin za a kai babansa wurin hukuma. Da ya kawo, na sa farar takarda tsakanin shafukan, na bi da dutsen guga mai ɗumi, man ya ragu, rubutu dai ana karantawa sarai. Na buga masa hatimi na mayar kan kanta, na ce ya zaɓi wani. Ya daɗe a tsaye yana kallona kafin ya yarda da gaske nake. Wata ukun nan da ya rasa sun fi mini zafi a kan littafin, don a cikinsu har yaron ya fara manta hanyar. Ki gaya wa ɗanki wannan tun ranar farko, a gaban mai kula da ɗakin, don ya ji daga bakin ku biyu cewa wanda ya yaga shafi ya kawo ba a korarsa. In an ce a biya wani abu, a yi magana, ana sassautawa.

In kin je yi masa kati, ki riƙa hotonki ke ma. Wadda ta kai CE2 kuma take karanta saƙon waya da Hausa ta isa ta karanta Magana Jari Ce, sai dai ku yi ta rigimar wa zai fara.